Baƙuwar Insom ta Ƙarshe

"Ka sauke ta mana! Ko a kan babur ɗin za ta kwana?" Buaphan, maƙwabciyar Insom, ta ɗaga murya daga bayan shinge, ludayi a hannunta.

"Ke dai rage murya," in ji Insom. "Baƙuwa ce, tana kallon gari."

Kallon gari fa! Karyar ta dunƙule ne a cikin akwatin da ke manne a gefen babur, ta cusa kai ƙarƙashin wani tsohon buhu, jikinta sai ɓari yake yi. Shi kuwa Insom, tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu, ya zauna daɓas a ƙasa ya ba ta baya, yana ɓare gyaɗa kamar ba shi ya ɗauko ta ba. Buaphan ta ja tsaki ta koma wurin kajin da take gasawa. Ta sayar wa mutum shida shinkafa mai danƙo da kaza, ta kwashe toka, ta sake leƙowa, yana nan inda ta bar shi. Sai da rana ta karkata sannan karyar ta sauko da ƙafa ɗaya, ta sauko da ta biyu, ta lallaɓa ta shige ƙarƙashin gidansa na katako, wanda ke tsaye kan dogayen ginshiƙai, ta kwanta a bayan randa.

Shekara biyu ke nan Insom yana wannan hidima, tun rasuwar matarsa. A bayan gari, kan hanyar madatsar ruwa, akwai gidan da ake tara karnukan da aka tsinto a titi, sun fi ɗari uku. Ba mai kiransa da sunan da ke jikin allo, kowa Gidan Haushi yake cewa, don tun daga gidan mai ake jiyo su. Tsarinsu shi ne, duk mai gida da shinge yana iya ɗaukar kare ɗaya ranar Juma'a ya mayar da shi Litinin da safe, ya cike kati: me ya ci, yaya ya kwana, me ya ba shi tsoro, yaya yake da yara. A liƙa katin a ƙofar kejinsa, masu zuwa neman kare su karanta. Karnuka arba'in da ɗaya suka kwana a gidan Insom, mutanen unguwa har suna ce wa gidan otal.

Buaphan ba ta taɓa ɓoye masa ra'ayinta ba. "Yaya Insom, ka ɗanɗana wa dabba daɗi kwana biyu ka mayar da ita kurkuku. Wannan tausayi ne ko mugunta?"

"Ke da kike zuwa gidan 'yarki a Chiang Mai ki miƙe ƙafa kwana biyu, ki dawo gaban garwashi, mugunta ake miki?"

"Ni kare ce?"

"Ni dai ban faɗa ba." Ya yi dariya, dariyar ta juye tari, ya jira tarin ya lafa. "A can ba mai barci, Buaphan. Ɗaya ya yi haushi, ɗari uku su amsa. In sun koma suna komawa haushinsu, ban ce miki a'a ba. Amma barcin da suka yi a nan sun riga sun yi shi, ba mai ƙwace musu. Kuma a keji ba ka sanin halin kare, halin keji kake gani."

"To ka riƙe ɗaya mana, ka huta da jigila."

"Kare yana shekara goma sha biyar. Kin ga alamar goma sha biyar a jikina?"

Buaphan ta koma kan kajinta. Ta san ranakun da yake zuwa asibiti, ta san tun bara ya daina hawa bishiyoyin lambunsa.

Wannan karyar ta yau sunanta Makham, ja ce mai duhu kamar tsamiya, shekararta biyar a Gidan Haushi. A ƙofar kejinta akwai jan ƙyalle, alamar mai cizo, don ta taɓa kama hannun wani ma'aikaci da ya shaƙo ta ta wuya. Ƙarshen watan nan za a kwashe duk masu jan ƙyalle a mayar da su kejunan baya, can bayan tankin ruwa inda baƙi ba sa zuwa, kuma ba a taɓa jin karen da ya shiga can ya fito da mai gida ba. Kwang, yarinyar da ke kula da kejunan gaba, ita ta roƙi shugabarsu a ba Makham fita ɗaya tak. In kati ya dawo da kyau, a sake duba maganarta. In bai dawo da kyau ba, shi ke nan.

Asabar da hantsi Insom ya miƙo katin da biro ta saman shinge. "Hannuna rawa yake yi, rubutun ya zama tafiyar kaza. Ki rubuta mini."

"Daga nan zan rubuta. Ƙafata ba za ta taka gidanka ba da wannan abar a ciki." Tun tana 'yar shekara bakwai wani kare ya yage mata sha-raɓa a hanyar makaranta, tabon yana nan har yau, kuma a shekaru sittin da ɗaya ba ta ga dalilin yin sulhu ba.

Ta jawo kujera ta zauna a ɓangarenta, shi a nasa.

"Rubuta: ta yi barci awa goma sha huɗu, ba ta ko juya ba."

"Goma sha huɗu? Ka tabbata ba mutuwa ta yi ba?"

"Rubuta: ta ci shinkafa da hantar kaza, ta bar kabewa. Rubuta: babur ya wuce ba ta kula ba. Yaran gidan Somchit sun leƙo, ta kaɗa jela sau biyu. Tana tsoron takalmi mai nauyi, in ta ji takunsa tana ɓuya. Rubuta: tana munshari."

Buaphan ta ɗago. "Haba! Wa zai ɗauki kare mai munshari?"

"Ke ba an aure ki ba?"

Ta jefe shi da murfin biro. Ya kauce yana ƙyaƙyata dariya, Makham ta ɗago kai daga bayan randa ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da kai.

"Amma maganar takalmin nan a cire ta," in ji Buaphan. "Kai da kake nema mata gida?"

"A bar ta. Wanda zai ɗauke ta gara ya sani tun yau."

Lahadi da safe bai fito shara ba. Da ta leƙa, yana kwance a lilon raga a ƙarƙashin gida, rediyo a kan cikinsa, karyar kuma ta baro bayan randa ta dawo ƙarƙashin lilon.

"Kin gani?" ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Da kanta ta zo. Sa wannan a kati."

"Na sa. Kai fa? Fuskarka ba ta yi mini ba. In kira Thawat?" Thawat ɗansa ne, yana aiki a Bangkok.

"Bar yaro ya yi aikinsa. Gajiya ce. Ki riƙe katin a wurinki, in barci ya ɗauke ni ki cike na yamma. Abin da kika gani kawai, ban da ƙari ban da ragi."

"Sai ka ce wata takardar kotu."

"Na gode, ƙanwata," ya ce. Bai saba ce mata haka ba, har ta so ta tsokane shi, sai wani mai saye ya kira ta.

Ƙarfe biyu ta zubo masa romo a kwano ta zo bakin shinge. Ta kira sau ɗaya, sau biyu. Rediyo yana ta karanto farashin kayan gona. Hannun Insom ɗaya ya sauko daga lilon yana reto, yatsunsa a kan bayan karyar, ga ƙuda ya sauka a gefen bakinsa bai kore shi ba. Buaphan ta ajiye kwanon a kan ginshiƙin shinge a hankali. Ta sani tun kafin ta yi kira na uku, amma ta yi.

Mai unguwa ya kira 'yan agaji. Suka zo su huɗu a motar a-kori-kura, da kakinsu da manyan takalma, suka tura ƙofa suka shiga da gadon ɗaukar gawa. Taku uku suka yi Makham ta miƙe. Ta tsaya tsakaninsu da lilon, gashin bayanta ya tashi, leɓɓanta suka yaye, wani gurnani yana fitowa daga can cikin ƙirjinta. Maza huɗu suka ja da baya tare.

"Ai mai jan ƙyalle ce," in ji wani daga cikin 'yan kallo. "Ta taɓa cire wa mutum yatsa." Ƙarya ne, ba yatsan da aka cire, amma nan da nan magana ta zagaye taron. Babban cikin 'yan agajin ya koma mota ya ɗauko gora mai zarge a baki.

Buaphan ta ga gorar, ta ga wuyan karyar, ta san abin da zai biyo baya. Za a shaƙo ta, za ta yi cizo a gaban mutum talatin, daga nan ba katin da zai fitar da ita daga bayan tankin ruwa. Tsohon nan kuwa ƙarfinsa na ƙarshe a kanta ya ƙarar.

"Ɗana, ajiye sandan nan," ta ce.

"Goggo, aiki muke yi, gawa ba ta jira."

"Shekara saba'in da huɗu ya yi yana jira, rabin awa ba za ta dame shi ba. Ku fita. Ku cire mini takalman nan daga gabanta."

Ita kanta ba ta san lokacin da ta zagayo ba. Ta tuɓe silifas a bakin ƙofa, ta shiga gidan Insom. Ba ta dubi karyar ba. Ta je tsakiyar fili ta zauna a ƙasa ta ba ta baya, yadda ta ga yana yi sau arba'in da ɗaya tana yi masa dariya. Gurnanin yana bayanta, tana jin sa har cikin haƙoranta. Tsoro ya cika ta fal, zufa tana bin bayanta. Ba gyaɗar da za ta ɓare, sai ta kama magana.

"Kai dai Yaya Insom ba ka da kirki. Ka tafi ka bar ni da baƙuwarka. Romon ma ba ka sha ba, da na sani da na sayar. Dubi inda ka zaunar da ni, a gaban mutane, da tsufana."

Ta yi ta mita, tana share ido da gefen zane. Ba ta san ko minti nawa aka yi ba. Gurnanin ya ragu, ya yanke. Sai ta ji takun farata a kan ƙasa, sannan wani hanci mai sanyi a gwiwar hannunta. Ta ƙame. Hancin ya bi hannun ya sauka, ya shinshina ƙafarta, sai karyar ta yi ajiyar zuciya irin ta mutum ta zauna a gefenta. Buaphan ta laluba ta kamo igiyar da ke wuyanta, ta miƙe a hankali, suka fita tare ta tsakiyar mutane. Ta ɗaure ta a gindin mangwaron gidanta. Daga nan suka kalli yadda aka fito da Insom.

Thawat ya iso Litinin da sassafe, idanunsa jajur, waya ba ta barin kunnensa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi godiya, sannan ya hango Makham.

"Goggo, wannan kar ta dame ki. In za mu kai Baba haikali sai a tafi da ita a sake ta can, kamar yadda kowa yake yi. Sufayen haikalin za su ba ta abinci, Baba ma ya samu lada."

"Lada?" Buaphan ta riƙe ƙugu. "Karnuka talatin ne a haikalin nan, kowanne da shiyyarsa. Ka jefa musu baƙuwa mai tsoro, kafin a gama karatun farko sun yayyaga ta. Mahaifinka aro ya yi, kuma bai taɓa aro ya ƙi mayarwa ba. Je ka ji da baƙinka, ɗana, wannan tawa ce."

Ƙarfe tara Kwang ta zo da motar Gidan Haushi. Ta rungume Buaphan ta yi kuka mai isarta, sannan ta share fuska ta tambayi kati. Layin yammacin Lahadi babu komai a kai. Buaphan ta zauna da biro ta daɗe tana kallonsa. Wa zai tona in ta rubuta cewa lafiya aka wuni? 'Yan agaji ba su san hanyar Gidan Haushi ba. Kalma biyu, karya ta tsira. Amma ta tuna yaran gidan Somchit, ta tuna wata yarinya 'yar shekara bakwai a hanyar makaranta. Ta ja tsaki ta rubuta:

"Mai masaukinta ya rasu tana ƙarƙashin lilonsa. Maza huɗu masu manyan takalma sun zo ɗaukarsa, ta tare su, ta yaye haƙora, ta yi gurnani sosai. Ba ta ciji kowa ba. Wata tsohuwa mai tsoron karnuka ta zauna ta ba ta baya, ta zo da kanta."

Kwang ta karanta, fuskarta ta sauya. "Goggo, gurnanin nan da haƙoran nan... in shugabarmu ta gani, ban san me za ta ce ba."

"Na sani. Haka aka ce in rubuta."

Makham ta shiga kejin mota ba gardama. Da motar ta tashi ta juyo tana kallon ƙofar Insom, har suka sha kwana. Kwana uku Buaphan tana hidimar makoki a haikali, tana yanka albasa tana zagin kanta. Gaskiyar me? Wa ya aike ta? Ta kashe wa dabba hanya da hannunta don ta cika wa mamaci magana.

Alhamis da rana aka yi rakiyar gawa zuwa wurin ƙonawa, kamar yadda al'adar garin take. An ɗora akwatin a kan keken da aka ƙawata da furanni, an ɗaura masa doguwar farar igiya, sufaye a gaba, dangi da maƙwabta kowa ya kama. Buaphan tana riƙe da nata gefen sai ta lura da baƙin fuskoki, mutanen da ba 'yan unguwa ba, sanye da baƙaƙen kaya, kusan kowanne hannu ɗaya a igiyar gawa, ɗayan a igiyar kare. Ta gane wani fari mai ƙafa uku da ya taɓa tone mata lemun tsami. Ta gane wata baƙa mai yankakken kunne. Duk sun yi ƙiba, gashinsu yana sheƙi. Ta ƙirga goma sha tara ta daina, don idonta ya cika.

"Kwang ce ta sanar da mu," in ji mai riƙe da farin, wani malamin makaranta daga Lampang. "Ban taɓa ganin Kawu Insom ba, rubutunsa kawai na sani. Ya rubuta cewa wannan yana satar takalmi, yana tsoron tsintsiya, amma yana son yara. Da na ga ya faɗi aibin, sai na yarda da yabon. Shekara ɗaya da rabi ke nan, 'yata ba ta cin abinci sai yana kusa. Na ce dole in zo in yi godiya."

Thawat yana jin su. Ya dubi karnukan, ya dubi akwatin mahaifinsa, ya rufe fuska da hannu.

Bayan hayaƙi ya tashi mutane sun fara watsewa, wata mace doguwa mai furfura ta tare Buaphan. Wilaiwan ce, shugabar Gidan Haushi, wadda ko karnuka suna shiru in ta wuce.

"Ke ce kika rubuta na Lahadi?"

"Ni ce." Buaphan ta gyara tsayuwa.

"Da kin rubuta mini lafiya lau, da ban yarda ba, don mai unguwarku ya riga ya ba ni labari a waya. Da yanzu tana bayan tanki." Wilaiwan ta gyara jakarta. "Ban cire ƙyallen ba. Amma ban mayar da ita baya ba. Kati ɗaya ba ya isa ga mai jan ƙyalle, sai uku, daga gidan da ya san halinta. Matsalar ita ce mai masaukinta ga shi can ya tafi, kuma ba ni da wani mai karɓar irinta."

Wilaiwan ba ta roƙa ba. Buaphan ta dubi hayaƙin da ke bi ta saman bishiyoyi. Tsoho mai wayo, ta ce a ranta, har ka mutu ba ka daina sa ni aiki ba.

"Shingena ya fi nasa tsawo," ta ce. "Ƙarfe nawa ake zuwa ɗauka?"

Asabar da sassafe sufaye uku suka biyo layin da ƙoƙunansu na karɓar sadaka, ƙafa ba takalmi. Buaphan ta durƙusa a ƙofar gida ta zuba musu shinkafa mai zafi da kaza, rabo biyu, nata da na maƙwabcinta. Suka yi mata addu'a suka wuce. Ta ɗauki ɗan kofin ruwa ta je gindin mangwaro, ta tsuguna, ta fara tsiyayawa a hankali yadda ake yi in za a aika wa mamaci lada, ta ambaci sunan Insom, ta ce masa ta gode. Makham, wadda Buaphan ta ɗauko ranar Juma'a, ta taso daga inda take ta zo ta tsaya, kafaɗarta jingine da ta Buaphan, su biyun suna kallon ruwan yana shiga ƙasa.